Tarbiyyar Gargajiya da Makarantar Firamare a Ƙasar Hausa

Kalmar tarbiyya Balarabiya ce, amma ta daɗe da zama 'yar gida a bakin Bahaushe har ba ya jin baƙuncinta. Idan aka ce yaro yana da tarbiyya, ana nufin ya san yadda zai gai da na gaba da shi, yana riƙe abin da aka ba shi ajiya, ana aikensa ya dawo da canji cikakke, yana kuma jin nauyin a kama shi da ƙarya. Bahaushe ya raba wannan da ilmi, shi ya sa ake jin dattijo yana cewa wane ya yi karatu amma karatun bai ratsa shi ba. Tun da aka kafa makarantun zamani a ƙasar Hausa, ƙorafin iyaye bai sake ba, watau makaranta tana ba da ilmi tana barin tarbiyya a ƙofa.

A 1973 Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a Arewa kafin ya koma koyarwa, ya gabatar da lacca a Jami'ar Indiyana ta Amurka a kan abin da Bahaushe ke kira mutumin kirki, aka buga ta a 1974. Ya lissafa halaye goma: gaskiya da amana da karamci da haƙuri da hankali da kunya da ladabi da mutunci da hikima da adalci. Lissafin ya yi kyau, kuma tun daga lokacin masu nazarin al'ada suke ta komawa gare shi. Amma fa lissafi ne na abin da ake gani a jikin babban mutum bayan an gama gina shi. Tambayar da ta shafi malamin firamare ita ce ta wace hanya halayen suka shiga jikin mutumin sa'ad da yake ɗan shekara bakwai. Ba a taɓa zaunar da shi aka karanta masa jerin kyawawan halaye ya haddace ba. An riƙa sa shi ne a inda dole ya zaɓa, ko ya yanke hukunci, ko ya dogara da wani, ko wani ya dogara da shi. Wannan hanya ita ce gadon da ya cancanci makaranta ta nema, kuma ita ce mafi yawan lokaci take bari idan ta je aro daga gargajiya.

Yadda ake yi a gida da dandali

Makarantar farko ita ce ɗakin tsohuwa. Bayan an ci tuwon dare yara sukan taru wurin kaka ko goggo, ta ce “Ga ta nan, ga ta nanku,” su amsa “Ta zo mu ji ta.” Wannan amsa ba ado ba ce, alkawari ne na saurare, kuma daga nan har a kai ga “Ƙurunƙus” yaran suna cikin aikin: su karɓi amshi, su gyara wa mai ba da labari in ta tsallake wani wuri, su yi tsaki idan mugu ya yi mugunta. An kuma hana yin tatsuniya da rana, ana tsoratar da yara cewa mai yin haka zai ɓata a kasuwa. Hikimar hanin a fili take, rana ta aiki ce, dare na hira.

A ɗauki tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa, wadda ake bayarwa ta fuskoki da yawa daga gari zuwa gari. An tura 'yar bora tafiya mai nisa neman ruwan Bagaja a kan laifin da ba nata ba. A hanya ta gamu da abubuwan mamaki da na ƙyama, ta gai da kowa, ba ta yi dariya ba, ba ta taɓa abin da ba a ba ta ba, da aka ce ta zaɓa sai ta ɗauki ƙarami. Ta komo da dukiya. 'Yar mowa ta bi hanyar nan dai, ta gamu da abubuwan nan dai, ta yi rashin kunya a kowane zango, ta ɗauki babba, ta komo da wahala. Abin lura shi ne an maimaita tafiyar sau biyu, zango bayan zango. A tafiya ta biyu yaran sun riga sun san abin da ya kamata a yi, saboda haka kafin 'yar mowa ta buɗe baki sun yanke mata hukunci a zuciyarsu. Tsohuwa ba ta bukatar ta ce ladabi yana da kyau. Yaro ya riga ya faɗa wa kansa, kuma abin da mutum ya faɗa wa kansa ya fi zama.

Sai kuma Gizo, wanda ya daɗe yana damun masu shirya littattafan makaranta. Gizo maƙaryaci ne, makwaɗaici, rago, yana cutar matarsa Ƙoƙi, yana yaudarar giwa da zaki da kura, kuma sau da yawa yana tsira. Mai neman darasi a ƙarshen kowane labari yakan rasa yadda zai yi da shi, sai ko dai ya bar shi, ko ya ƙago masa azabar da babu ita a asali. Wannan kuskure ne. Yaron da ya sha tatsuniyoyin Gizo ya koyi gane daɗin bakin mayaudari tun bai gamu da shi a kasuwa ba. Ya kuma ga cewa ƙarfi ba shi ne komai ba, tun da ƙaramin abu yana iya kayar da giwa da dabara. Dariyar da yake yi wa kwaɗayin Gizo kuwa, dariya ce da wata rana zai ji tsoron a yi masa. Duniyar da babu Gizo a cikinta ba ita ce duniyar da yaron zai shiga ba, kuma tsofaffi sun san haka.

Akwai wasu labaran da ba a rufe su da komai sai tambaya. Samari uku sun haɗu sun ceci yarinya, ɗaya ya gano inda take, ɗaya ya kai su, ɗaya ya warkar da ita, to wa ya cancanci ya aure ta? Nan gardama za ta kaure, kowa ya kawo hujjarsa, a kwanta ba a daidaita ba. Wannan horon adalci ne na ainihi, domin ana koyon auna haƙƙin wani da na wani, da sauraren hujjar da mutum bai yarda da ita ba. Haka kacici-kacici yake da nasa ladabin: wanda ya kasa ba da amsa sai ya ce ya ba da gari, watau ya amsa gazawarsa a gaban jama'a ba tare da fushi ba.

Karin magana ma ba a koyar da shi a jere. Yana zuwa ne a kan gaɓa, lokacin da abu ya faru. Shi ya sa ake samun waɗanda kamar suna karo da juna. An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, an kuma ce kowa tasa ta fisshe shi. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, an kuma ce da sanyin safiya ake kama fara. Babu wanda ya yi ƙarya a ciki. Gwanintar ita ce sanin wanda ya dace da halin da ake ciki, kuma wannan sanin shi Bahaushe ke kira hankali. Yaron da ya haddace karin magana ɗari don jarrabawa, amma bai taɓa jin an jefa ɗaya a kan rigimar da ke gabansa ba, yana da kalmomin ne kurum.

A dandali kuwa jiki ne yake koyo. A wasan gaɗa yarinya takan juya wa ƙawayenta baya ta faɗa kansu, su cafe ta su cilla ta sama. Da wuya a sami bayanin amana da ya fi wannan: ta saki jikinta ga hannun wasu, su kuma sun san in suka janye za ta fasa ƙeya. A langa samari sukan kare ɗan wasansu guda da ake kira ruwa har ya kai masha, kowa yana tsalle da ƙafa ɗaya, wanda ya saki ƙafarsa ya fita ko da babu alƙali. A aikin gayya ana noma gonar wani yau domin gobe a noma ta wani, sarkin samari yana lura da wanda ya noƙe. Da azumi ya kai kwana goma sai a fara tashe, yara su bi gida-gida suna kwaikwayon malamin da ke hana abin da shi yake yi a ɓoye, da tsohon da ya zubar da girmansa, da mai maganin da ke cika baki. A nan al'ada ta ba yaro izinin ya nuna wa babba aibinsa cikin raha, babban kuma ya yi dariya ya ba da sadaka.

Abin da makaranta ta ɗauka

Makarantar zamani ba ta yi watsi da wannan gado gaba ɗaya ba. Makarantar da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 da Hausa take koyarwa. Tsakanin 1911 da 1913 aka buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa na Frank Edgar a juzu'i uku, ko da yake an fi nufin Turawan mulki masu koyon harshen da shi. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, an rubuta shi ne don makarantu, kuma ko da ya aro labarai da yawa daga Larabawa da Turawa da Indiyawa, ya riƙe hanyar gida, domin aku da labari yake jan hankalin ɗan sarki, ba da tsawa ba. A farkon shekarun 1970 Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni a littattafai shida don 'yan firamare. Saboda haka kayan aiki ba su taɓa zama matsala ba.

A kan takarda ma manufa ba ta gaza ba. Taron tsara manhaja na ƙasa da aka yi a Legas a 1969 ya nemi ilmin da ya dace da rayuwar ɗan Nijeriya, kuma Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta sa gina kyawawan halaye cikin manyan burin firamare, ta kuma ce a fara koyar da yaro da harshensa ko harshen da ake yi a yankinsa. Amma shekara guda kafin haka, a Satumba 1976, an buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa. Yara suka kwararo fiye da yadda aka yi tsammani, aka horar da malamai cikin gaggawa, aji ya cika ya batse. Malamin da ke gaban irin wannan aji, da alli ɗaya da jarrabawa a gabansa, hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya rubuta a allo, yara su maimaita.

Ta haka tatsuniya ta koma abin karantawa da amsa tambayoyi biyar a ƙarƙashinta, ta ƙarshe kuwa kullum ita ce wane darasi aka koya. Amsar tana littafin malam, wanda ya kawo wata ya fāɗi. Karin magana ya koma cike gurbi. Halayen kirki suka zama jeri a darasin zaman jama'a, daga baya a darasin sanin haƙƙin ɗan ƙasa. Yaro zai iya cinye maki duka a kan ma'anar gaskiya da amsar da ya leƙa a takardar maƙwabcinsa, kuma ba abin dariya ba ne, yana faruwa. Gwamnatoci su ma sun gwada tasu hanyar daga sama, kamar Yaƙi da Rashin Ɗa'a na 1984, wanda ya koya wa mutane bin layi muddin soja na tsaye da bulala. Tarbiyyar da ta dogara da idon mai tsaro takan tafi tare da mai tsaron.

Tankaɗe da rairaya

Wanda ya ce a kwaso gargajiya a zuba a aji yadda take, bai yi wa yara adalci ba. A wasu fuskokin tatsuniyar nan ta ruwan Bagaja, sakamakon 'yar mowa shi ne ta komo da rakiyar kutare da makafi. A ajin da ake ba da labarin wataƙila akwai yaron da mahaifinsa makaho ne, ko shi kansa yana jan ƙafa. Malami mai hankali ba zai jefar da tatsuniyar ba, ba kuwa zai wuce wurin shiru ba. Zai iya tsayawa ya tambayi yaran ko makanta horo ce, ya bar su su yi gardama, domin gardamar ita ma gargajiya ce. Haka zancen kishiya, wadda kusan kullum muguwa ce a tatsuniya, alhali yara da yawa a ajin kishiyar uwa ce ta yi musu wanka da safe.

Kunya ta fi kowanne wuyar sha'ani. Ita ce take hana yaro sata ko ba mai ganinsa, ita ce take sa uwa ta ƙi kiran sunan ɗanta na fari, ita ce kuma take sa yaro ya sunkuyar da kai idan babba na yi masa magana. Malamin da aka horar da littafin Turawa yakan ɗauki sunkuyar da kai alamar rashin gaskiya, ya daka wa yaro tsawa ya dube shi a ido, yaron kuwa a gida an koya masa cewa ƙura wa babba ido fitsara ce. Wannan gefe ɗaya ke nan. A ɗaya gefen, kunyar nan ce take hana yarinya ɗaga hannu ta ce ba ta gane ba, ita ce kuma take rufe bakin yaron da wani babba yake cutarwa. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, gaskiya ne a wurare da yawa, amma mugun babba ma yana fakewa da shi. Wajibi ne makaranta ta raba wa yaro kunyar aikata abin kunya da tsoron faɗin gaskiya. Maganin yana cikin al'adar kanta, domin mutanen da suka koyar da sunkuyar da kai su ne suka ƙago tashe.

Batun addini ba ya rabuwa da wannan. Fiye da rabin kalmomin nan goma na mutumin kirki daga Larabci suka zo, kuma a ƙasar Hausa makarantar allo da ɗakin tsohuwa tare suka yi renon yaro. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta koyar da matan karkara ta hannun jajis ɗinta, watau ta ɗauki hanyar da mutane suka saba ta ɗora mata saƙo. Amma makarantar gwamnati ta kowa ce. A aji ɗaya a Kaduna ko Jos ko Sabon Garin Kano akwai Musulmi da Kirista, akwai Bahaushe da Bafillace da Bayarabe da ɗan ƙabilar Bajju. Idan aka ce gargajiya, kada a nufi ta masu rinjaye kaɗai. Yaron Bayarabe yana da kunkurunsa mai wayo kamar yadda Bahaushe yake da Gizo, kuma ranar da aka jera labaran biyu a aji, yaran da kansu za su gane dangantakar. Wasan barkwanci da ke tsakanin Kanawa da Zazzagawa, da Fulani da Barebari, da Gobirawa da Yarabawa, tsohuwar dabara ce ta zama da wanda ba naka ba, a yi tsiya da baki don kada a yi da hannu.

Harshe da malami

Duk wannan yana rataye a kan harshe. Ba a yin gardamar wa ya cancanci ya auri yarinya da harshen da yaro bai mallaki kalma ɗari biyu a cikinsa ba, abin da zai iya kawai shi ne ya maimaita. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Jami'ar Ife daga 1970, inda aka koyar da yara shekara shida da Yarabanci, ya nuna ba su koma baya ba ko a Ingilishi. A Jamhuriyar Nijar an fara makarantun gwaji masu koyarwa da harsunan gida a 1973, da Hausa a Damagaram. A Nijeriya kuwa manufar ta yi ta kai da komo: a 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da harshen uwa a shekaru shida na firamare, a 2025 kuma ma'aikatar ilmi ta ba da sanarwar soke wannan a koma Ingilishi. Ko mene ne hukuncin da aka yanke game da lissafi da kimiyya, sa'ar tarbiyya ba ta da amfani sai da harshen da yaro yake jin haushi da tausayi a cikinsa.

Yawan yara a aji ba uzuri ba ne da zai hana komai. Tsohuwa ba ta da allo ko littafi, dandali kuma ya fi kowane aji cika. Ana iya tsayar da tatsuniya a tsakiya a tambayi yara abin da za su yi da su ne. Ana iya kawo rigimar da ta faru jiya a filin wasa, a ce kowane ɓangare ya nemo karin maganar da ke goyon bayansa. Sharar makaranta, wadda a wurare da yawa ta zama horon masu makara, ana iya mayar da ita gayya, aji ya taimaki aji. Ana iya ba yara ajiyar alli da kuɗin ƙungiya bi da bi, su yi lissafi a gaban 'yan'uwansu. Abin da ke da wuya shi ne hukuma ta yarda cewa wannan aiki ba ya shiga takardar jarrabawa, ta kuma bar masa lokaci duk da haka.

Sa'an nan akwai malamin kansa. Da yawa daga cikin matasan da ke fitowa daga kwalejojin ilmi a birane sun tashi ne a gidajen da talabijin da wayar hannu suka maye gurbin hirar dare, ba su taɓa ba da tatsuniya da baki ba, wasunsu ba su san dokar langa ba. Ba laifinsu ba ne, amma ba za su ba da abin da ba su da shi ba. Kwalejin da ke koya musu ra'ayoyin masanan Turai a kan tunanin yara tana iya tura kowane ɗalibi, lokacin koyon aikin koyarwa, ya zauna da tsofaffin unguwar da makarantarsa take, ya ɗauko tatsuniya biyar da wasa biyu da wayar da ke aljihunsa, ya koyi ba da su ba tare da duba takarda ba. A ƙauyuka da tsofaffin unguwannin birni har yanzu akwai matan da suka iya, kuma mafi yawansu gidajensu ba su da nisa da katangar makarantar.